Gonar da Yaya Rabi Ta Ƙi Shukawa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Malama Rabi, Allah ya jiƙanta da rahama. Ta rasu ne a tsakiyar rani, lokacin da gonaki suke kwance ba komai a kansu sai kututturen kara. Tun daga shekarar, duk sanda lokacin ya zagayo nakan nemi izini a wurin aiki in tafi garinmu, a ƙasar Tofa, in ziyarci kabarinta in yi mata addu'a. Na daɗe ina ɗaukar wannan zuwa a matsayin riƙon zumunci. Bana ne na amince wa kaina cewa kowace shekara a makare nake zuwa, da wata biyu ko uku, kuma makarar nan tana da waɗanda take cuta.

Yaya Rabi malamar firamare ce. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, kuma ita ta fara ɗora hannuna a kan alli. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, rabonta da nawa suka faɗo wuri guda, wata 'yar gona a bayan makarantar da take koyarwa, da gawo ɗaya a kusurwarta ta gabas. Ni ina birni ina aikin rediyo, sai na ce ta haɗa duka ta riƙe. Abin da kowa ya sa rai shi ne ta miƙa wa mijinta ko wani ɗan'uwa ya noma, da kaka a auno mata nata. Haka mata suke yi da gonar gado a wurinmu.

Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi wuya ya gane girman abin da ta yi. A wajenmu babu daji. Gona tana ƙarewa wata take farawa, gero da dawa suna zuwa har jikin katangar gida, har bakin masallaci. Hanyar da ke tsakanin gonaki ba ta fi faɗin jaki da kayansa ba. Idan ruwan farko ya sauka, kowace akuya turke ake kafa mata, a ɗaure ta har sai an yi girbi. Filin makarantar ma, tun kafin a ɗauke ta aiki, maƙwabta sun ci gefe da gefe, abin da ya rage aka gina aji a kai. A irin wannan wuri ne Yaya Rabi ta bar gona ba shuka.

Baffanmu Garba, ƙanin mahaifinmu, shi aka tura ya ji dalili. Ina nan a ranar, na zo hutun ƙarshen mako. Ya zauna a tabarma, ya ƙi taɓa furar da ta kawo masa.

"Rabi, an yi shuka ko'ina, taki ce kaɗai tsirara. Iri ne babu, a ba ki?"

"Iri akwai, Baffa. Ba zan shuka ba ne. Yara za su riƙa wasa a wurin idan an tashi makaranta."

"Wasa? A gona? Da damina?"

"Da rani ai ko akuya ana sakar mata gona ta zaga. Da damina ne yaran nan ba su da inda za su sa ƙafa."

"To akuyar ma da damina ɗaure ta ake yi."

"Shi ya sa, Baffa. Ni ba awaki nake koyarwa ba."

Baffa ya dube ni don in sa baki. Na sunkuyar da kai. Ya tashi yana cewa boko ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, kuma sai da ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta da kyau.

Ba daga littafi ta samo wannan tunani ba, a cikin aji ta gan shi. Yaro zai zauna a kan benci tun safe har azahar. Ya koma gida ya ci abinci, ya yi ɗan aike, la'asar na yi ya sake zama a tabarmar Islamiyya har rana ta faɗi. Mutane sukan ce ai yaron ƙauye yana aiki, yana ɗebo ruwa, yana yanko ciyawa. Ita kuwa takan ce aiki daban, wasa daban. Wanda ya sunkuya yana cirar ciyawa gajiya yake yi, amma ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya dariya har numfashinsa ya ɗauke. Kuma ba kowane yaro ne ke zuwa gona ba. 'Yan mata musamman, daga ɗaki sai aji, daga aji sai bakin murhu. Ta lura cewa da damina faɗa yake yawa a ajinta, gyangyaɗi yake yawa, kuma ta danganta hakan da zama.

Aikin farko da suka yi shi ne rushe kunyoyi. Gonar da aka yi wa huɗa ba ta guduwa, ƙafa take karyawa. Ta aro fartanyoyi, manyan ajin suka baje, ƙanana suka bi suna tattakawa. Kafin damina biyu ƙafafun yara sun daɓe wurin ya yi sumul kamar tsakar ɗaki. Sai ta je wurin Malam Idi, mai Islamiyya, ta roƙe shi ya riƙa tashin yara da sauran rana. Ya ce karatun Alƙur'ani ba a rage shi saboda ƙwallo. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce to ya ba ta Alhamis da Juma'a, da yake dama ba karatu, sauran ranakun kuma ya gwada mako guda kawai, idan hadda ta ragu ita da kanta za ta tattara. Bai taɓa ce mata ta yi gaskiya ba. Abin da aka gani dai shi ne daga baya da kansa yake rufe littafi idan inuwar gawo ta kai bakin hanya, ya ce, "Ku tashi, uwarku na jira."

Kayan aikinta usur ne ɗaya da ta rataya a wuya cikin hijabi, da igiyoyin guga da suka tsufa, da ƙwallon da ake ɗinkewa duk bayan kwana biyu. Maza a yamma suna langa da ƙwallo, mata a gindin gawo suna tsallen igiya da gaɗa da tsere. Dokarta biyu ce. Babu mai zama a gefe yana kallo, ko gurgu ne sai ta samo masa abin yi. Kuma da an fara kiran magariba usur ɗaya take busawa, wurin ya watse. Wannan ta biyun ita ta sa iyaye suka sakar mata 'yan mata, don sun san ba wadda duhu zai yi wa a waje. Wata uwa ta taɓa zuwa ta ce 'yarta ta girma, gudu a gaban maza bai kamata ba. Washegari Yaya Rabi ta sa aka kafa zana tsakanin ɓangarorin biyu, yarinyar ta ci gaba da gudunta.

Fiye da shekara goma tana wannan, babu wanda ya sa ta, babu wanda ya biya ta. Ciwon da ya ɗauke ta bai ja lokaci ba. Na same ta a asibiti a birni, da hantsi, ta rame amma hankalinta garau. Bayan ta yi mini wasiyyar 'ya'yanta sai ta ce, "Kabiru, filin nan. Dama kana da rabonka a ciki. Kada ka bari a yi masa huɗa." Na ce in Allah ya yarda. Mijinta da 'ya'yanta, da aka zo maganar gado, suka ce nasu rabon ma sun bar shi a hannuna, a yi yadda ta so.

Ranar sadakar arba'in Sale ya ja ni gefe. Sale ɗan Gwaggonmu ne, taubashina, tare muka tashi, kuma gidansa cike yake da iyali, gonarsa kuwa ba ta fi tafin hannu ba. Ya ce ruwa ya kusa, ba kuma wanda zai tsaya wa yara tukuna, to me zai hana ya ari wurin damina ɗaya kafin a sami wani malami. Maganarsa da hankali a cikinta. Ina cikin juyayi, ga kunya, ga mota na jira. Na ce ya noma.

A nan ne al'adarmu ta shigo. Ƙasarmu ba ta hutawa, don haka taki ne ranta. Da rani ake kai shi, da a mangala bisa jaki, yanzu har da babur mai ƙafa uku, a jibge shi tuli-tuli a cikin gona yana jiran ruwa. Kuma abin da kowa ya sani, ko ba a rubuta ba, shi ne wanda ka ara wa gona ya zuba mata taki ba ka karɓewa sai ya ci amfanin takinsa. Wanda ya karɓe, ya ci gumin ɗan'uwansa, kuma gari zai daɗe bai manta ba. Saboda haka mai gona lokaci ɗaya yake da shi na magana: bayan an kwashe amfani, kafin a kai sabon taki. Ba kuma a waya ake yin ta ba, sai an zauna.

Ni kuwa lokacin zuwana shi ne zagayowar ranar rasuwarta, tsakiyar rani. Shekarar farko na iso na tarar da tulin taki jere a filin, na ce to baɗi. Baɗi ma haka. Da damina idan na zo, gero ya fi ni tsawo, ba a maganar. Da kaka kuma Sale yakan aiko mini da gero da wake har gidana a birni, a unguwar Rijiyar Zaki, in buga waya in yi godiya, bakina ya yi nauyi. Ba zan ce ban san lokacin da ya dace ba. Ɗan manomi ne ni. Na dai fi son in zo a lokacin da al'ada za ta rufe mini baki, in koma ina cewa ba yadda zan yi.

Abin da ya fi damuna shi ne irin aikin da nake yi. A cikin shekarun nan na gabatar da shirin lafiya sau da yawa, na zauna da likitoci suna bayanin yadda zama wuri ɗaya yake cutar da yara, ni kuma ina fassarawa da tsabtatacciyar Hausa, ina jan hankalin iyaye da hukumomi. A garinmu ana saurarona. Waɗanda suka yi gudu a filin nan, yanzu magidanta ne, suna jin muryata a rediyo alhali 'ya'yansu na zaune a kan dakali. Babu wanda ya taɓa yi mini gori. Da ma sun yi.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da za ta ga garin yau. Birni ya matso. Gonakin bakin titi an yanka su filoti, an kewaye da bulo, ko da rani ba a shiga. An ƙaro lesin tsakanin boko da Islamiyya, wato ɗan lokacin da ya rage ma an cike shi da wani zaman. Yaran da suka sami sarari sukan taru su biyar su shida a kan waya ɗaya, suna kallon wasu na buga ƙwallo. Malam Idi ya tsufa, ɗansa ne ke karantarwa, kuma ba ya tashin yara sai an kira salla. Ba laifinsa ba ne. Idan ya tashe su ina za su?

Waɗanda suka ƙi haƙura sukan buga ƙwallo a kan titi. Daminar da ta wuce wani mai babur ya banke Nura, ɗan Sale na cikinsa, yana bin ƙwallo, hannunsa ya karye. An kai shi wurin mai ɗori, ya warke, da ɗan karkata. Daga nan iyaye suka haɗa baki suka hana wasan titi gaba ɗaya, kuma gaskiyarsu. Ina ganin da Yaya Rabi na nan, ba faɗa za ta yi ba. Za ta dubi yaran a jere a gindin katanga ne ta ce, "Baffa ya yi nasara, an kafa musu turke." Labarin Nura ya same ni a kan lokaci, na je dubiya, na ce a raina bana da an gama girbi zan zo. Aka gama girbi. Buhun gero ya iso. Ban zo ba.

Makon jiya na je, kamar kullum. Wannan karon na tafi da ɗana Sadiƙu, wanda yana goye a baya lokacin da ta rasu. Daga maƙabarta muka bi ta bayan makaranta. Tulin taki na nan jere, sabo, har da zafinsa. Sale na tsaye da shebur a gindin gawo.

"A'a, mai labarun duniya! Yau me ya faru a ƙasashen ƙetare?"

"Lafiya lau suke, Sale. Sun ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Wannan ne magajin? Zo nan, ɗan birni. Kai, ji hannu kamar tuwon shinkafa. Ka iya langa?"

Sadiƙu ya dube ni. "Baba, mene ne langa?"

Sale ya jefar da shebur. "Innalillahi! Ɗan ƙanin Malama Rabi? Kabiru, ka ji kunya." Sai ya naɗe ƙafar wando, mutumin da ya haura hamsin, ya kama babban yatsan ƙafarsa ta baya, ya fara tsalle da ƙafa ɗaya tsakanin tulin taki yana cewa, "Haka, haka! Ka ture ni in ka isa!" Yaron ya gwada. Tsalle kaɗan ya yi ya saki ƙafar, ya dafa gwiwa yana haki, yana dariya. Rabon da in ji irin wannan dariyar a bakinsa na manta. Motar makaranta ke ɗaukarsa da safe, ta dawo da shi bayan lesin, ya shiga Islamiyya, ya dawo ya kwanta gaban talabijin. Ni na tsara masa hakan, ina ganin gata nake yi masa.

A nan na yi maganar, a tsaye, ba shiri.

"Sale, filin nan nake so ya koma hannun yara."

Ya daina dariya. Ya ɗauki shebur ɗinsa ya dogara a kai. "Ka ga taki dai."

"Na gani. Ka ci takinka, ba zan taɓa ba. Amma wannan ne na ƙarshe. Da ka kwashe amfanin bana, kada ka kai wani. Yanzu nake faɗa don kada in sake makara, kuma anjima za mu je gaban mai unguwa in maimaita."

Sale ya ce, "Ka san yawan bakin da ke gidana."

"Na sani."

"Geron nan shi yake kai mu bazara."

"Na sani, Sale."

"Ranar da na fara huɗar wurin nan," in ji shi, "sai da shanu suka durƙusa. Ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Ina zagin yaran nan a raina, ina kuma jin kunyar mai kabari. Da ka zo shekarar farko ka ce in tashi, da na tashi ba ciwo. Yanzu ka bari na saba." Ya share fuska da hularsa. "Damina ɗaya na ara, ban manta ba. Hannun Nura ma ban manta ba. Zan tashi. Amma in tambaye ka, mai rediyo. Idan na tashi, wa zai busa usur? Ko daga birni za ka busa mu ji a akwati?"

 Mun je gaban mai unguwa bayan la'asar, na maimaita, Sale ya ce ya ji ya yarda. A hanyar dawowa bai yi mini wasa ko sau ɗaya ba, kuma tun muna yara ban taɓa tafiya da shi haka ba.

To ga abin da jinkirina ya haifar. Yaran da suka shiga aji ɗaya shekarar da ta rasu sun gama firamare ba su taɓa gudu a wurin ba, kuma ba za a maido musu da shekarun ba. Na yau ma sai sun ƙara zaman wata damina. Gyaran da a da kalma ɗaya ce, yanzu sai ya rage tuwo a gidan ɗan'uwana, kuma wajibina ne in duba yadda zan tallafa masa ba tare da na ci masa fuska ba. Tambayarsa kuma tana nan. Na yi magana da shugaban makarantar, ya ce akwai wata sabuwar malama cikin waɗanda suka yi tsallen igiya a gindin gawo, zai tuntuɓe ta. Ban sani ba ko za ta yarda. Ni dai na nemi a sauya mini ranar hutu zuwa Alhamis don in riƙa zuwa filin da kaina, kuma ba zan yi alkawarin da ya wuce wannan a rubutun nan ba, don an riga an ga yadda nake riƙe alkawari.

Idan na auna abin da ya rage na Yaya Rabi, ba shi da yawa a ido. Zanar ta ruɓe tuntuni, usur ɗin babu wanda ya san inda yake, daɓen da ƙafafun yara suka yi garma ta farfashe shi. Abin da ya rage yana jikin mutane ne: magidantan da har yanzu suke kiran wurin filin Malama ko da gero ya rufe shi, da Sale da ya ci amfaninsa shekara da shekaru bai taɓa kiransa gonarsa ba. Allah ya kai haske kabarinta, ya yafe mana abin da muka gaza.

Da za mu shiga mota Sadiƙu ya tambaye ni yaushe za mu dawo. Na buɗe baki zan ce baɗi war haka, sai na tsaya. Na ce masa da an yanke gero, kafin a kai taki, kuma ya tuna mini da fartanya, akwai kunyoyin da za mu rushe.